Ta Ina Zan Fara Karatun Kare Bangaskiya a Zango?

"Malam, barka da aiki. Ni Kirista ne, a Aboabo aka haife ni nan Kumasi, ina aikin wayarin mota a Magazin ta Suame. Iyayena daga arewa suka zo. Kawunnena biyu Musulmi ne, abokaina kuwa kusan duka. In muka zauna shan shayi da dare, zance ba ya rasa komawa kan addini: wai an canza Littafi Mai Tsarki, wai alloli uku muke bauta wa. Mai gidan da muke haya Ba'asante ne, yana zuba wa kakanninsa giya a ƙasa, ya ce da su da Allahn coci duk tafiya ɗaya ce. Ɗan baffana da ke jami'a kuma ya ce addinin Turawa ne aka ɗora mana. Ina kallon muhawarori a waya ina haddace amsoshi, amma da an juya tambayar sai in kakare. Ina so in yi karatun kare bangaskiya sosai. Ta ina zan fara? Wani dattijo a ikilisiyarmu ya ce karanta littattafan wasu addinai zai raunana ni. Sannan wasu samari sun gayyace ni muhawara a fili da lasifika. In karɓa?"

Ɗana, sannu da himma, Allah ya yi wa aikin hannunka albarka. Tambayoyi uku ka ƙunsa: inda za ka fara, ko sanin addinin wani zai cutar da kai, da batun gayyatar nan. Amma abin da ya fi ɗaukar hankalina a wasiƙarka shi ne da ka ce in an juya tambaya kakan kakare. Kai da kanka ka san dalili daga wurin aikinka. Yaron da ya haddace cewa jar waya ake taɓawa a mota kaza, ranar da aka kawo wata irin mota sai ya tsaya yana kallo. Wanda ya gane yadda wuta ke tashi daga batir ta zaga ta dawo, shi kowace mota aka kawo zai lalubo matsalarta. Bidiyon muhawara amsoshi yake ba ka, bai ba ka tushen da suka fito ba, na addininka ko na mai tambayarka.

Ina koyar da wannan darasi a wata makarantar Littafi Mai Tsarki, ina kuma zaune cikin Musulmi tun ƙuruciyata. Abin da nake gaya wa ɗalibai ranar farko shi zan gaya maka: ba ka isa ba da amsa ga wani addini ba sai ka iya bayyana shi yadda mai shi zai gyaɗa kai ya ce, "I, haka muka gaskata." Kusan duk sauran bayanina a kan wannan ya rataya.

Aikin ya girme mu

Ayar da aka saba kafa wannan ilimi a kanta ita ce 1 Bitrus 3:15-16, inda aka ce mu zauna a shirye mu ba da amsa ga duk wanda ya tambaye mu dalilin begen da ke cikinmu, da tawali'u da bangirma. Ka lura, tambayar daga wancan gefen take fitowa, kuma an gindaya sharaɗin hali tare da na ilimi. A Ayyukan Manzanni 17, kafin Bulus ya buɗe baki a Atina sai da ya zaga garin ya duba wuraren ibadarsu, da ya tashi magana kuma har mawaƙansu ya ambato.

Magabata sun bi wannan sawu. Wani masanin falsafa mai suna Kelsus ya rubuta littafin sukar Kiristanci a ƙarni na 2, Orijin na Iskandariya ya mayar masa da martani wajen shekarar 248. Littafin Kelsus ya ɓace, amma yau an san mafi yawan abin da ya faɗa, domin Orijin ya riƙa kawo maganarsa a cike kafin ya amsa. Wajen shekarar 781 a Bagadaza, Halifa al-Mahdi ya zauna kwana biyu da Timoti na Ɗaya, shugaban Ikilisiyar Gabas, suka tattauna Triniti, wato Allah ɗaya Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, da gicciye da annabci. Timoti ya yi maganar Annabi Muhammadu da ladabi, ya yaba yadda ya raba mutanensa da gumaka, bai kuma janye ko ɗaya daga aƙidarsa ba. Suka rabu kowa na kan addininsa.

Salon da kake gani a waya kuwa wani reshe ne daban. A 1854, a garin Agra na Indiya, wani ɗan mishan Bajamushe mai suna Pfander ya kara da Shaihu Rahmatullahi Kairanawi a bainar jama'a, Shaihun ya yi amfani da binciken da malaman Turai suka yi kan rubuce-rubucen Littafi Mai Tsarki ya ƙure shi. Littafin da ya rubuta daga baya shi ya zaburar da Ahmed Deedat na Afirka ta Kudu, wanda kasakasansa suka cika zangunanmu kafin zuwan intanet. Yawancin tambayoyin da ake jefa maka a wurin shayi, da amsoshin da kake haddacewa, sun haura shekara 150 ana maimaita su.

Fara da gidanku

Kafin ka buɗe littafin kowa, karanta naka daga farko har ƙarshe. Na sha samun saurayi mai zafin kare Littafi Mai Tsarki wanda bai taɓa karanta Ishaya ko Ibraniyawa ya kai ƙarshe ba. Ka karanta da Hausa, tun da shi ne harshen da za a tambaye ka da shi. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa tun 1932, an kuma sabunta fassarar daga baya. Ka haɗa da Shaidar Bangaskiya ta Nikiya, ka bi ta jimla jimla tare da fastonka har ka san abin da kowace ke tabbatarwa da abin da take kawarwa.

Sai tarihin yadda littafin ya iso hannunmu, har da wuraren da ke da wuya. Akwai kofe-kofen Sabon Alkawari na hannu da harshen Girka fiye da 5,000. Biyu daga manyansu, wanda aka samo a Dutsen Sina'i da wanda ke Vatican, na ƙarni na 4 ne, kuma hotunan na Sina'in suna intanet kowa na iya dubawa. Akwai bambance-bambance tsakanin kofe-kofen, mafi yawansu na harafi ne da jerin kalmomi, amma wasu manya ne. Markus 16:9-20 da Yahaya 7:53 zuwa 8:11 babu su a waɗannan tsofaffin biyu. Doguwar jimlar 1 Yahaya 5:7 da ke cikin fassarar Turanci ta King James, wadda mutanenmu a Gana ke son kawowa hujjar Triniti, babu ita a tsofaffin kofe na Girka, don haka kada ka jingina da ita. Malaman Kirista ne da kansu suka gano waɗannan, suka rubuta su a ƙasan shafi. Gara ka ji su daga bakina yau da ka fara jin su a gaban taro.

Haka batun taron Nikiya na shekarar 325. Za a ce maka a can aka zaɓi littattafai, a can kuma aka mai da Yesu Allah. Taron bai zauna kan jerin littattafai ba, koyarwar wani malamin coci mai suna Ariyus, cewa Ɗan halitta ne, ita ce ta tara su. Filibiyawa 2:6-11 kuwa an rubuta ta fiye da shekara 250 kafin taron, sannan wajen 112 wani gwamnan Roma mai suna Pliny ya rubuta wa sarkinsa cewa Kirista na rera waƙa ga Almasihu kamar ga Allah.

Waƙa a bakin mai ita

A nan zan daɗe, domin da Musulmi kake kwana kake tashi. Ka fara da sanin cewa Musulunci ya riga coci zama a garin nan. Da wani jakadan Turawan Ingila mai suna Bowdich ya iso Kumasi a 1817, ya tarar da malamai Musulmi masu faɗa a ji a fadar Asantehene, sarkin Asante, alhali Freeman, ɗan mishan na Methodist, sai 1839 ya fara zuwa. Ƙidayar 2021 ta nuna Kirista kashi 71.3 cikin 100 ne a Gana, Musulmi kashi 19.9, amma a Aboabo da Asawase lissafin a juye yake. Kai da ka tashi a nan kana da abin da ɗaliban manyan makarantu ke nema da wahala: ka san kiran salla, ka san azumi da layya, ka san Hausar da ake wa'azi da ita.

Abin da ya rage maka shi ne karatu. Nemi fassarar Alkur'ani ta Hausa, ta Shaihu Abubakar Gumi ba ta da wuyar samu, ka karanta ta duka, ba ayoyin da aka tsinto maka kaɗai ba. Ka riƙe ta da mutunci, kada ka ajiye a ƙasa, kada ka yi zane a ciki. Ka haɗa da tarihin Annabi da hadisai arba'in na Nawawi. Inda ba ka gane ba, je wurin kawunka ko malamin unguwa ka ce, "Malam, na karanta kaza, yaya malamai suka fassara shi?" Ka faɗa masa gaskiya cewa kai Kirista ne mai neman fahimta. Ban taɓa zuwa wurin malami da wannan niyya ya kore ni ba. Za ka kuma gane Musulmi ba bakinsu ɗaya ba a kan komai: ɗan Tijjaniyya, da ɗan Ahlus Sunna, da ɗan Shi'a, da ɗan Ahmadiyya, waɗanda suka kafu a Saltpond tun 1921, kowa da inda ya sa nauyi.

Ɗauki batun canza littafi. Mai faɗin haka yana da ayoyinsa, kamar Baƙara 79 da Ma'ida 13. Akwai kuma Ma'ida 47 da 68, masu kiran ma'abota Linjila su yi hukunci da abin da ke cikinta. Shi ya sa malaman Musulunci suka daɗe da rabuwa: wasu, irin su Ibn Hazm na Andalus, suka ce lafazin ne aka sauya, wasu suka ce ma'ana ce aka karkatar. Kana iya tambaya cikin ladabi: yaushe aka canza, tun da kofen da suka girmi Hijira da shekaru ɗaruruwa suna nan, kuma gicciye da tashin Almasihu na cikinsu? Tambaya ce mai nauyi. Sai dai in ka tsaya nan, ba ka taɓo ainihin abin da ke zuciyar abokinka ba. Shi a wurinsa Linjila littafi ne guda da aka saukar wa Annabi Isa, kamar yadda aka saukar da Alkur'ani. Da ya buɗe namu ya ga Matiyu da Markus da Luka da Yahaya, kowa na ba da labari da salonsa, sai ya ce wannan ai ya fi kama da hadisi. Mu kuwa ba mu taɓa cewa an saukar wa Yesu littafi ba. Mun ce shi kansa ne Kalman da ya sauko, huɗun nan shaidu ne a kansa. Matsayin da Alkur'ani ke da shi a wurin Musulmi, a wurinmu Almasihu ne ke da shi. Ranar da ka iya bayyana wannan a nitse, za ka ga gardamar ta sauya kama ko da ba a yarda da kai ba.

Triniti ma haka. In Musulmi ya ji "Ɗan Allah", abin da ke faɗo masa shi ne aure da haihuwa, Suratul An'am aya ta 101 kuma ta ce yaya zai sami ɗa alhali ba shi da mata. Ka ce masa da zuciya ɗaya kai ma ka ƙi wannan, saɓo ne a wurinmu. Ma'ida 116 ta yi maganar riƙon Isa da uwarsa alloli biyu ban da Allah, babu kuma ikilisiyar da ke cikin Shaidar Nikiya da ta koyar da haka. Ka fara daga inda Yesu ya fara a Markus 12:29, cewa Ubangiji Allahnmu ɗaya ne. Daga nan tambayar ta zama: shin Maganar Allah tana tare da shi tun azal, ko halitta ce? Musulmi sun sha wuya a kan irin wannan tambaya game da Alkur'ani, har aka daki Imam Ahmad bin Hambal a zamanin Abbasiyawa saboda ya ƙi cewa halitta ne. Kada ka ce masa wannan shi ne Triniti, domin ba shi ba ne, malami kuma zai kama ka nan take. Amfaninsa kawai ya ga cewa duk mai kaɗaita Allah da ya yarda Allah na magana, sai ya yi tunani mai zurfi a wannan gaɓa. Misalin ruwa da ƙanƙara da tururi kuwa ka bar shi. Abin da yake koyarwa shi ne mutum guda mai sauya kama, ikilisiya kuma ta ƙi wannan koyarwa tun ƙarni na 3.

A kan gicciye ne hanya ta rabu sosai, ban kuma ga amfanin ɓoye hakan ba. Nisa'i 157 ta ce ba su kashe shi ba, ba su gicciye shi ba, an kamanta musu ne. 'Yan Ahmadiyya sun ce an ɗora shi amma bai mutu a kai ba. Ta fuskar tarihi hujjarmu na da ƙarfi: Linjila huɗu, da 1 Korintiyawa 15, da Tasitus marubucin Roma, wanda ba ya ƙaunar Kirista, amma ya rubuta cewa an kashe Almasihu a hannun Bilatus. Sai dai abokinka ya ɗora wahayi sama da tarihi, kamar yadda kai ma za ka yi in an taɓa naka. Ƙarƙashin musun akwai tambayoyi biyu da suka fi cancantar daren shayinku: zai yiwu Allah ya bar manzonsa a wulakance haka? Kuma gafara na bukatar fansa, ko tuba ta wadatar? Ka saurari amsarsa har ƙarshe, sannan ka faɗi abin da gicciyen yake a gare ka.

Gaskiya kuma ba ta da ɓangare. In an kawo maka littafin da ake kira Linjilar Barnaba, ka nuna cewa tsohon kofensa na Italiyanci ne na wajen ƙarshen ƙarni na 16, kuma ya musanta cewa Isa ne Almasihu, alhali Alkur'ani da kansa ya kira shi haka. In kuma ɗan'uwanka Kirista ya turo maka labarin ƙarya a kan Musulmi a WhatsApp, ko aya da aka yanke mata kai da ƙafa, ka ƙi ta da irin wannan ƙarfin, ka kuma gaya masa dalili. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma sunan Almasihu ake zubarwa da ita.

Mai gidanku da ɗan baffanka

Yawancin littattafan wannan fanni a Amurka da Ingila aka rubuta su, domin mutumin da ke shakkar ko akwai Allah. Mai gidanku ba ya wannan shakka. Asantawa na cewa ba a nuna wa yaro Onyame, wato sanin Allah a jini yake. Tambayarsa ita ce wa ke tsare gida, wa ke riƙe zuri'a, ina matattunmu suke. Je ka ga Akwasidae, bikin girmama kakanni, a fadar Manhyia, ana yin sa duk bayan kwana 42, ka tsaya gefe da ladabi, ka tambayi dattijo abin da ake faɗa lokacin zuba giyar.

Malaman Kirista na Afirka sun yi saɓani na gaske a nan, ya kamata ka san ɓangarorin. Byang Kato na Kwoi a Najeriya, wanda ya rasu a 1975, ya yi kashedi mai zafi kan gauraya bishara da gargajiya. Peter Sarpong, tsohon Babban Bishop na Katolika a nan Kumasi, masanin al'adun Asante, ya ga zuba abin sha a ƙasa wata irin addu'a ce da za a iya tsarkakewa. Kwame Bediako ya bi ta wasiƙar Ibraniyawa, ya nuna Yesu ne ya cika abin da mutane ke nema wurin kakanni da hadayu. Ni na fi karkata ga Bediako, domin ya ɗauki tambayar mai gidanku da muhimmanci bai kuma sauke Almasihu daga matsayinsa ba. Amma ba na yarda ɗalibi ya yi watsi da kashedin Kato, ganin yadda wasu masu kiran kansu annabawa ke sayar da mai da ruwa kamar yadda boka ke sayar da laya.

Ɗan baffanka kuma yana da rabin gaskiya, ka ba shi ita. A gidan da aka tsare bayi a Cape Coast, ɗakin sujada na bisa kurkukun da aka tsare maza. Ba abin da za ka faɗa ya wanke wannan. Wannan ciwo ne ya haifi ƙungiyar Afrikania a 1982, wadda wani tsohon fada na Katolika, Kwabena Damuah, ya kafa. Sauran rabin shi ne Kiristanci ya yi ƙarfi a Masar da Kartaj ta Arewacin Afirka tun Ingila na bautar gumaka, Sarki Ezana na Habasha ya karɓe shi a ƙarni na 4, kuma wurin sarkin Habasha Kirista ne sahabbai suka yi hijirar farko wajen 615. In kuwa shakkarsa ta kai ga ko akwai Allah, sai ka koma ga hujjojin asalin halitta da tushen sanin nagarta da mugunta, ka kuma shirya wa tambayar wahala, wadda ta fi kowace tsanani. Sau da yawa na tarar matashin da ya ce ya bar Allah, wani abu ne ya same shi a coci ko a gida. Ka tambaya kafin ka kawo falsafa.

Addinan Hindu da Buddha ba za ka gamu da su kullum ba, amma suna ƙasar nan. A Odorkor ta Akra akwai gidan ibadar Hindu da aka kafa a 1975 ƙarƙashin jagorancin ɗan Gana. Tunaninsu kan sake haihuwa da sakamakon aiki ya sha bamban da namu tun daga tushe, ƙa'idar dai ita ce wadda na faɗa: ka ji daga bakinsu tukuna.

Tsoron dattijo

Kada ka raina maganarsa, ya ga abin da ya gani. Akwai waɗanda suka shiga wannan karatu su kaɗai, ba addu'a, ba zumunci, suka fita da ruɗani. Akwai kuma waɗanda suka fita da girman kai, ni wannan ya fi ba ni tsoro. Sai dai kai ba ka da zaɓin rufe kunne, tambayoyin na iske ka kowane dare. Don haka ka yi karatun a jere: naka tukuna, sannan na maƙwabci, ƙarƙashin wani babba da za ka riƙa kai wa abin da ya dame ka. Za ka haɗu da tambayar da za ta hana ka barci. In an yi maka irinta a gaban mutane ka ce, "Ban sani ba, zan bincika in dawo," ka kuma dawo ɗin.

Ka san iyakar wannan ilimi tun yanzu. Hujja na iya kawar da rashin fahimta, tana iya nuna bangaskiyarmu ba wauta ba ce, amma ba ta sauya zuciya, wannan aikin Ruhu Mai Tsarki ne. Akwai malaman da muka daɗe muna tattaunawa, sun fahimci abin da na gaskata sarai, suna nan kan Musuluncinsu, ni ma ina kan nawa, muna kuma zuwa jana'izar juna.

In kana son makaranta, akwai sashen nazarin addinai a jami'ar KNUST nan kusa da kai, da na Jami'ar Gana a Legon, inda za ka zauna aji ɗaya da Musulmi, malamai Musulmi su koyar da kai Musulunci. Akwai makarantar tauhidi ta Trinity a Legon, wadda aka fara a nan Kumasi a 1942, da cibiyar Akrofi-Christaller a Akropong da Bediako ya kafa, ita ta fi dacewa da mai digiri. Cibiyar Sanneh a Akra kan dangantakar Kirista da Musulmi take aiki, haka ma PROCMURA, shirin ikilisiyoyin Afirka da ya faro a 1959. Kafin ka biya kuɗin kowane kwas, musamman na intanet, tambayi abu ɗaya: ana karanta littattafan wancan addinin da kansu, ko abin da abokan hamayyarsa suka faɗa a kansa kawai? In ka sami hali ka koyi Larabci ko kaɗan ne. Kada kuma ka bar sana'arka saboda wannan, awa guda kowace safiya kafin ka tafi Magazin za ta kai ka nesa cikin shekara biyu.

Batun lasifika

Shawarata kada ka karɓa. Ba ka shirya ba tukuna, ba a kuma fafe gora ranar tafiya. Ko da ka shirya, taron fili da lasifika ba wurin sauraro ba ne. Kowane ɓangare ya zo ne ya ga an kayar da ɗayan, za a yanki minti ɗaya a watsa a TikTok, kalma guda da ta kuɓuce maka kan Annabi ko Alkur'ani kuma za ta iya jawo abin da kai da kawunnenka ba za ku iya kashewa ba. Dattawan garin nan na tuna rigingimun da wa'azin tsokana ya haddasa a shekarun 1990. Zaman lafiyar da muke ciki aiki aka yi masa. A 2019 Babban Limamin Ƙasa, Shaihu Usman Nuhu Sharubutu, yana cika shekara 100, ya je cocin Christ the King a Akra ranar Ista. Bai bar aƙidarsa ba, masu masaukinsa ma ba su bar tasu ba, ya kuma sha suka daga wasu saboda zuwan. Bai kamata mu yara mu yi wasa da abin da irinsu suka gina ba.

Ga abin da nake yi da ɗalibaina, kai ma ka miƙa wa samarin nan a madadin muhawarar. Ku zauna mutum shida ko takwas a zaure, ba lasifika, ba ɗaukar bidiyo. Ku zaɓi abu guda, ku fara da labarin Yusufu: su karanta Suratu Yusuf, kai ka karanta Farawa 37 zuwa 50, kowa ya faɗi abin da nassinsa ke koya masa game da Allah da gafara. Sharaɗin zaman shi ne ba wanda zai mayar da martani sai ya maimaita maganar ɗan'uwansa har mai ita ya ce haka yake nufi. Bayan Yusufu ku ɗauki Ibrahim, sannan Maryamu, ku ajiye gicciye sai kun saba da juna. Kafin ka ba su amsa, ka sanar da fastonka, ka kuma je ka gaida babban kawunka ka shaida masa, domin su sun san samarin da iyayensu, za su gaya maka ko neman sani ne ya kawo gayyatar ko neman suna. In kawun ya yarda, ka roƙe shi a yi zaman farko a zaurensa.